Ta Ruwa Ko Ta Tudu? Tsohuwar Gardama a Kan Tsibiran Tafkin Chadi

Abin da ya jawo wannan rubutu gardama ce da ta tashi a teburin mai shayi, a bakin Titin Koudoukou da ke unguwarmu ta Kilomita Biyar a birnin Bangui, bayan sallar isha'i.

Ina da baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya bi ayarin manyan motocin da suka kwashe mutanenmu zuwa Chadi a farkon 2014, lokacin da gari ya rikice. Bai dawo ba. Daga Njamena ya gangara Bol, daga Bol ya shiga wani tsibiri a cikin Tafkin Chadi, inda yake sayen banda a hannun masunta. Yanzu girma ya kama shi, kuma shi kaɗai ya rage a gidanmu wanda ya san yadda kakanmu ya baro ƙasar Hausa har ya yada zango a nan. Na yi niyyar in ɗauki hutun kwana goma in je in naɗi muryarsa, in kuma haɗa shiri a kan mutanen tsibiran domin masu sauraronmu. Guzurina ba mai yawa ba ne, kwanakin ma ƙididdigaggu ne, don haka na nemi shawarar manya.

Wani Alhaji mai sayar da goro ya ce, “Ɗana, gani ya kori ji. In ka isa Bol ka yi shatar kwale-kwale mai inji, ka zaga tsibiran nan ɗaya bayan ɗaya. Wa zai je bakin tafki ya tsaya a kan tudu?”

Wani tsohon direba da ya shekara ashirin yana bin hanyar Chadi ya ajiye kofinsa ya ce, “Alhaji, kada ka jefa yaron nan cikin wahala. Ya kama ɗaki a Bol ya zauna. Ranar kasuwa duk mutanen tsibiri suna fitowa, har da baffan nasa. Ya yi hirarsa a inuwa, kuɗin mai ya sayi tsaraba.”

Na ce musu, “Allah ya ƙara girma, ku ba ni kwana biyu in yi tunani.” Da na koma gida na buɗe littattafan tarihi, sai na tarar wannan gardama ta girmi kakannin duk wanda ke zaune a teburin nan. Shekara ɗari biyu ke nan baƙi suna zuwa bakin tafkin suna yi wa kansu tambaya iri ɗaya.

Kafin in shiga labarinsu, ya kamata in faɗi abin da ya haɗa mu mutanen Afirka ta Tsakiya da wannan tafki, domin wani zai ce ina ruwan biri da gada. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Tafkin Chadi daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, kuma Shari a ƙasarmu yake samun ruwansa, daga Bamingi da Giribingi da Uham. Ruwan saman da ya sauka a Bosangowa ko Kaga-Bandoro a watan Agusta, shi ne yake ɗaga kwale-kwalen baffana bayan wasu watanni. Wannan ne ma dalilin da ya sa ƙasarmu ta shiga Hukumar Tafkin Chadi daga baya, wadda Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka kafa a 1964.

Asalin mazauna tsibiran su ne mutanen da maƙwabtansu ke kira Buduma, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Harshensu ɗan'uwan Hausa ne na nesa, dangi ɗaya suka fito. Suna ɗaure ciyawar ruwa su yi jirgi da ita, suna kiwon shanun Kuri masu kumburarren ƙaho waɗanda ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman ciyawa. A da su ne kuma masu fiton ungurnu daga gabashin tafki zuwa gaɓar Barno, inda fatake ke ɗora ta a kan jakuna da takarkarai zuwa Kano da sauran kasuwanni. Ke nan tun kafin Bature ya san hanyar wurin, kanwar da ta hau jirgin Buduma tana shiga tukunyar Bahaushiya.

Na farko a cikin masu bin tudu shi ne wani sojan Ingila mai suna Denham. Shi da Clapperton da Oudney suka ƙetaro Sahara daga Turabulus, suka hango tafkin a watan Fabrairun 1823, suka sauka a Kukawa wurin Shehu Laminu. Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato, inda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Denham kuwa ya tsaya yana bin gaɓar tafkin a kan doki, ta yamma da ta kudu, har ya shiga kwale-kwale a kogin Shari, amma bai kai tsibiran Buduma ba. Ya rubuta abubuwa masu amfani a kan garuruwan gaɓa, da kasuwanninsu, da sojojin Shehu. Labarin mutanen tsibiri kuwa, yawancinsa daga bakin mutanen gaɓa ya ɗauko shi, su kuma abin da suka sani shi ne harin dare: a fito cikin jirage, a kwashe shanu da mutane, a koma inda doki ba ya zuwa. Ba ƙarya suka yi masa ba, hare-haren sun faru. Sai dai wanda aka kora wa shanu ba shi ne zai ba ka cikakken labarin gidan ɓarawonsa ba. Da wannan suna Buduma suka shiga littattafan Turai, kuma sunan ya daɗe yana binsu.

Bayan kusan shekara talatin gwamnatin Ingila ta sake turo wasu mutum uku, Richardson da Jamusawa biyu, Barth da Overweg. Wannan karon sun ƙudura cewa ta ruwa za su shiga. Aka ƙera musu jirgin katako a tsibirin Malta, aka rarraba shi gunduwa-gunduwa, aka ɗora wa raƙuma, suka baro Turabulus a watan Maris na 1850. Richardson ya rasu a hanya kafin ya isa Kukawa. Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Katsina da Kano, Overweg kuma ya biyo ta Tasawa da Maraɗi, suka haɗu a Kukawa a zamanin Shehu Umar, cikin 1851.

Barth ya fara gwada ta tudu. Ya hau doki daga Kukawa zuwa Ngornu don ya ga tafkin da ya sha jin labarinsa. Ya duba gabas ya duba arewa, babu abin da ya gani sai fadama da dogayen ciyayi. Sai da ya sake fita, dawakai suna kutsawa cikin ruwa, sannan ya ga sararin tafkin. Wannan ita ce matsalar mai tsayawa a gaɓa har gobe: Tafkin Chadi ba shi da baki tsayayye, ana iya zama kusa da shi ba a gan shi ba.

Overweg shi ya shiga jirgin. Kafintoci suka harhaɗa shi a kusa da ƙauyen Maduwari, aka raɗa masa sunan Lord Palmerston, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin. Daga ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Agustan 1851 yana yawo a tsakanin tsibiran, da taimakon Fugo Ali, wani babba a Maduwari da ke da hulɗa da Buduma. Abin da ya tarar ya saɓa da abin da ake faɗa a gaɓa. Ya ga tsibirai cike da mutane da shanu da awaki da gonaki, aka karɓe shi hannu bibbiyu, aka ba shi madara da abinci, wasu ma suka raka jirginsa. A nan maganar Alhaji mai goro ta fito, gani ya kori ji.

Amma labarin bai ƙare a nan ba. Overweg bai zauna a tsibiri ɗaya ya daɗe ba, kuma bai samu ya gyara abin da ya rubuta ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Maduwari ranar 27 ga Satumba 1852 yana ɗan shekara 30, aka binne shi kusa da jirginsa. Takardun da ya bari gutsattsari ne, wasu da ƙyar ake karanta su. Abin da ya fi daɗewa a cikin gadonsa mutum ne. Akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda Overweg ya fansa daga bauta. Bayan rasuwarsa Dorugu ya bi Barth har Timbuktu, har Ingila a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta, ya dawo ya ƙare kwanakinsa a Kano a 1912.

Jirgi na biyu da ya shahara a tarihin tafkin ta ƙofar gidanmu ya wuce. Faransawa sun kafa Bangui a 1889, suna hangen arewa. Wani jami'insu mai suna Gentil ya taho da ƙaramin jirgin ƙarfe mai tururi, Léon Blot, ya biyo kogin Kwango, ya hau Ubangi. To, Ubangi kudu yake malala, Shari kuma arewa, tsakaninsu akwai tudu. Sai aka kwance jirgin, aka ɗora wa mutane a ka, suka ratsa daji da shi har kogin Giribingi. Daga nan ya gangara Shari, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Bagirmi Gawrang, ya shiga tafkin a ƙarshen 1897. Bai daɗe ba ya juya, domin Rabe yana Dikwa da rundunarsa. Bayan shekara biyu da 'yan watanni aka yi yaƙin Kusuri, ranar 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy duka suka mutu, aka kafa garin Fort-Lamy wanda ya koma Njamena a 1973.

A littattafan Faransa wannan tafiya ce ta ruwa. A wurin mutanen Manja kuwa tafiyar ƙafa ce. Duk wani buhu da akwatin harsashi da za a kai Chadi, sai an ɗauke shi a ka tsakanin Fort-Sibut da Fort-Crampel, wato Sibut da Kaga-Bandoro na yau. Aka riƙa kama maza dakon dole, ana tsare mata da yara don mazan su fito, gonaki suka mutu, ƙauyuka suka watse, har Manja suka yi tawaye a farkon shekarun 1900. Wani abin lura shi ne, Laftana Georges Koudoukou, wanda titinmu ke ɗauke da sunansa, haifaffen wannan yanki ne na Fort-Crampel. Ya yi wa Faransa yaƙi, aka raunata shi a Bir Hakeim da ke Libiya, ya rasu a Iskandariya a 1942. Duk lokacin da na ji an ce jirgi ya fi sauƙi, sai in tuna cewa sauƙin na wanda ke zaune a ciki ne, akwai wanda ya ɗauki nauyin.

Na uku shi ne Boyd Alexander, wani sojan Ingila da ya taho ta Binuwai da jiragen ƙarfe guda biyu a 1904. Ya iso a lokacin da ruwa ya ja baya. Ya kwashe watanni cikin 1905 yana neman hanyar da zai bi daga arewacin tafkin zuwa bakin Shari, mutanensa suna saran ciyawa, suna tura jirgi cikin taɓo, sauro yana cinsu. Da ya samu ya fita sai ya hau Shari, ya ƙetaro zuwa Ubangi, ya nufi kogin Nilu. Bafaranshe Tilho, wanda ya zo shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, shi ya fahimci abin da Buduma suka daɗe da sani, cewa tafkin yana da hali uku: akwai shekarun da yake babba, akwai matsakaici, akwai ƙarami. Jirgin da ya yi wa Overweg amfani a shekarar cika, irinsa ya zama kaya a wuyan Alexander a shekarar janyewa.

Iyayenmu sun ga wannan da idonsu. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Da farin shekarun 1970 ya zo sai ya rabu gida biyu, zuwa tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage na sararin ruwa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Gigimi ta Nijar, wadda a da jirage ke tsayawa a bakinta, ta wayi gari ruwa ya yi mata nisa. Wuraren da ake zuwa da kwale-kwale aka koma zuwa da jaki da mota. Masunta da manoma suka bi ruwan yana ja suna binsa, ba su lura da inda iyakar ƙasa take ba. Aka yi artabu tsakanin sojojin Najeriya da na Chadi a kan wasu tsibirai a 1983. Rikicin Darak kuma sai da ya kai Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002 cewa yankin na Kamaru ne, Najeriya ta janye a watan Disamban 2003.

A cikin takardun wannan shari'a akwai jerin ƙauyuka 33 da aka yi jayayya a kansu. Ku ji sunayen wasu: Garin Wanzam, Doron Liman, Ramin Dorina, Sabon Tumbu, Fagge, Sokotoram. Waɗanda suka raɗa waɗannan sunaye babu wanda ya rubuta littafi a cikinsu. Sun zo da taru da ƙugiya, sun kafa bukka, sun koyi yaren maƙwabta, sun yi aure, sun binne 'yan'uwansu a wurin. Su suka san watan da kifi ke hawa, da hanyar da ciyawa ke toshewa in iska ta juya, da wanda ake gaisarwa kafin a jefa koma. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Denham ya ji, Overweg ya gani, waɗannan kuwa sun zauna, kuma duk Baturen da ya tsira a tafkin nan da jagorancin irinsu ya tsira.

Abin da ya sa wannan tarihi ya taɓa ni shi ne, mu ma nan Kilomita Biyar mun taɓa zama tsibiri, ba tare da ruwa ya kewaye mu ba. Daga ƙarshen 2013 zuwa 2015, mutum ba ya iya wuce wasu 'yan layuka daga Babban Masallaci ya dawo da ransa. Ko maƙabartarmu da ke Boeing ba mu iya kai gawa ba sai a farkon 2016, bayan an yi sulhu tsakanin unguwannin biyu. A lokacin ina matashi, na ga baƙi iri biyu. Akwai masu sauka a manyan masaukai na cikin gari, su tambayi direba da mai gadi labarinmu, su rubuta cewa unguwar 'yan bindiga ce. 'Yan bindigar suna nan, mun fi kowa sanin haka, domin mu suke karɓar kuɗi a hannunmu, amma ba su kaɗai ne a unguwar ba. Akwai kuma masu shigowa cikin mota mai sulke, su bi Titin Koudoukou daga wannan kai zuwa wancan cikin sa'a guda, su ɗauki hoto, su yi tambaya uku, su fita kafin la'asar.

Ba zan raina gajeriyar ziyara ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Fafaroma Francis ya shigo Babban Masallacinmu. Bai daɗe ba, amma a ranar samarin unguwa suka bi ayarinsa a kan babura har cikin gari, hanyar da suka daɗe ba su taka ba. Wani lokaci zuwa da kai, ko na ɗan lokaci ne, yana karya wata magana da aka daɗe ana yaɗawa, kamar yadda tafiyar Overweg ta yi. Sai dai baƙon da muke tunawa da sunansa a unguwa shi ne wanda ya kwana, ya ji ƙarar harbi tare da mu, ya ga yadda mata ke fita neman ruwa da asuba, ya ci abin da muka ci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai kwana a ɗakin kuma shi ke biye masa.

Yau mutanen tsibiran Chadi suna cikin irin halin da muka shiga, har ya fi namu tsawo. Tun bayan harin Baga na Janairun 2015 da na tsibirin Karamga a watan Afrilun wannan shekara, an kwashe dubban mutane daga tsibirai, an sha hana kamun kifi da zirga-zirgar jirage a wurare da dama. A Bohoma, cikin Maris na 2020, Chadi ta rasa sojoji kusan ɗari a hari ɗaya. Sunan da ake kiran mutanen tsibiri da shi a gaɓa ya sake ɓaci, kamar a zamanin Denham, har wanda ya gudo daga Boko Haram ma akan dube shi da zargi. Saboda haka shatar jirgi a yi ta zagaye yanzu ba abin wasa ba ne. Baƙon da ke yawo daga tsibiri zuwa tsibiri da na'urar naɗar murya yana jefa kansa cikin haɗari, yana kuma jefa duk wanda aka gani yana magana da shi. In na tsaya a Bol kuwa, zan ga baffana na yini guda a cikin hayaniyar kasuwa, hankalinsa yana kan ciniki, sauran labarin in ji shi a bakin masu shaguna.

Da na koma teburin mai shayi na ce wa dattawan nan biyu kowannensu ya yi gaskiya rabi. Zan bi mota ta Sibut da Kaga-Bandoro, hanyar da 'yan dakon Manja suka bi da jirgi a ka. In na isa Bol zan gabatar da kaina ga hukuma, in jira ranar kasuwa kamar yadda direba ya ce. In an ba da izini kuma mutanen wurin sun ce hanya lafiya, zan shiga ruwa kamar yadda Alhaji ya ce, amma a jirgin 'yan kasuwa, a kan buhunan gero, zuwa tsibiri ɗaya tak, in yi sauran kwanakina a can. Zan dawo ban ga tsibirai goma ba, shirin nawa kuma zai zama na mutanen wuri ɗaya. Na yarda da wannan.

Alhaji ya yi dariya ya ce, “Wato ka raba mana gardama ka ci riba biyu.” Direba kuwa cewa ya yi in nemi gidan sauro mai kyau.

Daren nan na kira baffana, bayan an sha fama da layi. Da na gaya masa shawarar da na yanke sai ya ce, “To madalla, ɗana. Amma kada ka wuce watan Janairu. Yanzu jirgi yana zuwa har ƙofar gida, in ruwa ya ja sai ka taka taɓo na rabin yini. Ka taho mini da goro.”

Allah ya kai mu lafiya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mayar da kowane ɗan gudun hijira gidansa. Amin.